Muryar da Kawu Ya Raba Biyu

Anti Tarho ake ce mata, kuma sunan ya bi ta har ya danne nata na gaskiya. Tun tana budurwa ta sami aiki a ofishin wani kamfanin motocin dogon zango, cikin wani ɗan ɗaki mai taga ɗaya da fanka mai ƙara, aikinta ɗaga waya. Wanda zai tambayi motar safe, da wanda zai zazzaga masifa kan jakarsa da ta ɓata, da direban da taya ta fashe masa a hanya, duk a kunnenta suke sauka. Kunnen nan kuwa shi ya fitar da ita daban. Ka kira sau ɗaya, shi ke nan ta riƙe ka. Ko bayan shekara ka sake kira, kafin ka rufe baki daga sallama za ta ce, "A'a, mai kwalin littattafai! Ya ƙafar taka?" Direbobi har gwada ta suke yi, wannan ya toshe hanci, wancan ya maƙale murya kamar mace. Sai ta ja tsaki ta ce, "Kai dai ka ji kunya, da furfurarka da komai. Ina ka kai motar mutane?" Tana taƙama da abin nan, ba ta ma ɓoyewa, kuma wallahi ba a ga laifinta ba.

A wayar nan ta haɗu da mijinta. Mai haɗa talla ne, irin wanda ake ɗauka da murya a sa a rediyo ko a lasifikar bakin shago. Mai sayar da katifa, da makarantar koyon tuƙi, da mai maganin sauro, duk shi yake yi musu. Ya kira ne yana neman manaja, ko kamfanin zai so talla. Manaja bai so ba. Shi kuwa bai daina kira ba, yau ya ce ya manta bai faɗi kaza ba, gobe ya ce layi ne ya yanke. Daga baya in ƙawayenta suka tsokane ta da me ta gani a jikin mutumin nan mai tafiya kamar ana korarsa, sai ta ce, "Ni murya na aura, mutumin biyo ta ya yi."

Mutum ne mai gaggawa, Allah ya jiƙansa. Shayi a tsaye yake sha, igiyar takalmi a hanya yake ɗaurewa. Ɗakin baya na gidansu ya mayar wurin aiki: ya bi bango da soson katifa, ya rufe taga da tsofaffin barguna, har ƙasan ƙofa ya cusa wa tsumma. In ka shiga ka rufo ƙofa, duniya sai ta ɗauke ɗif. Ka yi magana, maganar ta faɗi nan gabanka, ba ta zuwa ko'ina. Anti Tarho ba ta taɓa son ɗakin ba, ta ce ji take kamar an danna mata filo a kunne. A nan kwamfutarsa take, baƙa, ƙatuwa, da hannunsa ya haɗa ta. Ya sa mata faifan ajiya guda biyu iri ɗaya sak, yana cika baki a gaban duk wanda ya shigo: "Su biyun nan aiki ɗaya suke yi. Kafin ka ƙifta ido sun gama." Ba wanda ya tambaye shi abin da yake nufi, don ba wanda ya damu.

Har mutuwar ma da gaggawa ya yi ta. Ciwon kai ya ce, aka kai shi asibiti, kafin 'yan'uwa su gama jin labarin ciwo sai suka ji na rasuwa. Lokacin 'yarsu ba ta daɗe da fara tafiya ba.

Da aka natsa aka zo kan kayan da ya bari, sai rigima ta tashi a kan kwamfutar. Ƙaninsa, wanda kowa ke kira Auta ko da yake yana da mata da 'ya'ya, yana so ya ci gaba da sana'ar, ya ce duk aikin masu shaguna yana ciki. Anti Tarho ta ce ko sama da ƙasa za su haɗu ba za a fitar da ita daga gidan ba, don duk abin da mijinta ya taɓa faɗa a gaban makirfo yana ciki. Mai raba gardama shi ne Kawu, ƙanin mahaifiyarsu, dattijo mai son adalci har ya wuce misali, irin wanda in zai raba wa yara lemo sai ya raba har da ɓawon. Ya saurari kowa, ya shafa gemu, ya tambayi Auta me ke cikin akwatin. Auta ya ce faifai biyu ne, kuma da kunnensa ya ji Yaya yana cewa aiki ɗaya suke yi, wato abin da ke cikin wannan shi ne a cikin wancan. Fuskar Kawu ta washe. "To ai magana ta ƙare! Kai ka ɗauki ɗaya da makirfo, ke ki riƙe ɗaya da akwatin. Ba wanda aka cuta." Aka kawo sukudireba aka kwance. Har addu'a aka yi, kowa ya tashi yana yaba hikimar Kawu.

Sai da gida ya watse, wata rana da hantsi 'yar tana barci, Anti Tarho ta shiga ɗakin ta rufo ƙofa ta danna maɓalli. Allon ya kawo, amma baƙi ƙirin, sai wani ɗan rubutu fari a can sama yana cewa an nemi ɗaya daga cikin biyu ba a same shi ba. Ta karanta ta sake karantawa. Daga cikin akwatin kuma wani sauti yake fitowa, wanda a wani ɗakin ba za ka ji shi ba: faifan ya juya, ya yi ƙwas ƙwas, ya yi shiru kamar mai jiran a amsa masa, ya sake. Ita da ta yi rayuwarta tana amsa waya, ta san sautin wanda yake kira ba a ɗauka. Ta zare wayar wuta daga bango, ta lulluɓe kwamfutar da zanen gado, ta fita da baya da baya.

Ba ta kai ta wurin gyara ba. Mutane za su ce sakaci ne, amma tsoro ne. Muddin akwatin yana rufe a ƙarƙashin zanen, to muryar tana ciki. In ta kai aka ce mata babu fa? Sai ta bar shi. Takan shiga ta share ƙura, wani lokacin kuma da rana tsaka, in 'yar tana makaranta, ta jona wutar ta tsaya tana sauraron ƙwas ƙwas ɗin nan, har sai ta ji kamar wani yana tsaye a bayanta yana saurare tare da ita, sannan ta kashe. Ba ta taɓa gaya wa kowa ba.

Auta kuwa sana'a ta karɓe shi. Masu shaguna suka riƙa ce masa, "Yi mana irin na marigayi, kada ka canza ko kalma." Bai canza ba. Kalmomin yayansa, da inda yake jan murya, da 'yar dariyar da yake yi kafin ya faɗi sunan shago, duk ya kwashe. Tsofaffin tallan suka riƙa ɓacewa ɗaya bayan ɗaya, na Auta suna maye gurbinsu, har ba sauran na marigayi ko ɗaya a gari. Hanyar Anti Tarho ta zuwa ofis kuwa ta gaban mai katifa take, ta wuce makarantar tuƙi, ta tsaya jiran mota daf da mai maganin sauro. Da farko tsallaka titi take yi, ranta na ƙuna, tana cewa a zuci ɓarawon murya. Da tafiya ta yi tafiya ta daina tsallakawa. Can gaba ma sai ta tarar ta rage sauri a gaban mai katifa, leɓenta na bin kalmomin. Haka safe da yamma, shekara da shekaru, har mutane suka daina kiran ofis suka koma sayen tikiti ta wayar hannu, aka sallame ta da godiya da agogon bango.

'Yar ta girma ta zama budurwa, mai surutu da gaggawa irin na ubanta. Wata ranar hutu suna ninke wanki a falo, kowa riƙe da bakin zani, sai kawai ta ce, "Mama, wai yaya muryar Baba take?"

Anti Tarho ta buɗe baki da ƙarfin gwiwa, don wannan ai fagenta ne. "Mai kauri ce. Mai nauyi, mai sanyi, in ya yi magana har a ƙirjinki za ki ji ta."

"Irin ta Baba Auta ke nan?"

"Allah ya sawwaƙe! Ina aka haɗa? Wancan ai kwaikwayo yake yi."

"To yi min yadda yake kiran sunanki."

Nan ta tsaya. Ta kasa kunne cikin kanta, inda ta ajiye muryoyin direbobi da fasinjoji har da waɗanda suka daɗe a ƙasa, ta nemi mijinta. Ya zo kuwa, amma katifa yake tallatawa. Ta ce masa a zuci kira ni, ya ce a zo a koyi tuƙi cikin sauƙi. Ta nemi faɗan da suka taɓa yi, ta nemi yadda yake ce mata ta miƙo masa tawul, tana ganin bakinsa na motsi amma ba sauti. Zanin ya suɓuce daga hannunta, 'yar tana cewa, "Mama, lafiya?" A ranar ta gane muryar tafiya take yi, kuma in ta ƙarasa tafiya, ita da 'yarta ba su da inda za su same ta sai cikin baƙin akwatin nan.

Washegari suka kinkimi kwamfutar suka sa a tasi. Mai gyaran da aka kwatanta musu yana saman bene a layin masu sayar da kayan wuta, a wani shago mai warin dalma da ƙura, kwamfutoci ko'ina kayan cikinsu a waje. Injiniya ake ce masa, dattijo mai kaurin tabarau, wanda ya fi hira da na'ura a kan mutane. Ya kwance murfin ya leƙa, ya ga gurbi ɗaya wayam, wayarsa tana lilo. Ya kunna ya karanta rubutun nan. Sai ya cire tabarau ya dube ta.

"Hajiya, ina ɗan'uwansa?"

Ta ba shi labarin Kawu tiryan-tiryan, ta ƙare da cewa ai ba komai, tunda abin da ke cikin wancan shi ne a cikin wannan. Injiniya ya riƙe kai da hannu biyu.

"Innalillahi! Akwai irin haɗin da kike faɗa, wanda ɗaya yake kwafin ɗaya. Amma mijinki ba shi ya yi ba, na masu sauri ya yi. Kin ga uwa mai ciyar da tagwaye daga kwano ɗaya? Loma ɗaya nan, loma ɗaya can. To haka na'urar nan take yi da duk abin da aka ba ta. Hoto ne, murya ce, yanka shi take yi ƙanana-ƙanana, wannan ta ba faifan farko, na biye ta ba na biyu, haka har ƙarshe. Su biyun suna karɓa lokaci guda, shi ya sa take sauri. Amma ba wanda yake da abu cikakke. Kawunku kowace kalma ya tsaga muku biyu."

"To yanzu fa?"

"Ki nemo ɗayan. Ki kuma yi addu'a ba a taɓa shi ba."

An taɓa shi mana. Tsakaninta da Auta gaisuwa ce kawai tun ranar rabon, amma ta danne zuciya ta je har ofishinsa. Ya tarbe ta da ladabi, Anti sama Anti ƙasa. Da ta faɗi abin da ya kawo ta sai ya sunkuyar da kai. Ya ce ranar da ya jona faifan, kwamfutarsa ta ce babu komai a ciki, ta tambaye shi ko ta share shi ta shirya shi sabo, shi kuwa ya danna to. Hankalinsa kwance, tunda na wurinta yana nan. Ya yi ta zuba aikinsa a ciki har ya cika, ya fara ba da matsala, ya jefa shi a kwali. "Wallahi Anti ban sani ba," yake ta faɗa, idonsa ya kawo ruwa. Ta so ta zage shi tas, amma muryar da yake ba ta haƙuri da ita ta hana ta, ta rasa dalili. Ta karɓi faifan ta fito.

Injiniya bai yi mata alkawarin komai ba. Ya ce ba a aiki a kan na asali, sai ya kwafe kowanne ɗungurungum zuwa sabon faifai, don tsoho yana iya mutuwa a hannunka kana tsakiyar aiki. Na wurinta ya kwafu lafiya. Na Auta ne ya ba shi wahala, ya yi tafiya kaɗan ya tsaya, Injiniya ya sa masa 'yar fanka, ya bar shi ya huta, yana lallashinsa, "Haba malam, saura kaɗan." Bayan nan sai neman wanne ne na farko, da girman lomar da na'urar take yankawa, ya gwada wannan ya gwada wancan. Anti Tarho ta kasa zaman gida. Kullum da hantsi tana kan bencin shagon, jaka a cinya, tana kallon lambobi na gudu a allo.

Hotuna suka fara fitowa, kuma gara a ce ba su fito ba. Abin da bai kai loma ɗaya ba, in ya faɗa a faifanta, ya tsira cikakke, manya kuwa duk an tsaga su. Don haka tarkacen banza suka fito lafiya lau, 'yan hotuna kamar kan sarki da alamar shagon mai katifa. Na kirkin kuwa, ga labulen falonsu na da, ga saman kan mutum, ga goshi, ga gira, daga nan zuwa ƙasa sai toka-toka. Hoto bayan hoto haka: goshin mijinta a bakin ƙofa, goshinsa a wurin aiki, goshinsa kusa da ɗankwalinta, kamar mai leƙowa ta bayan katanga ya ƙi ɗagowa. 'Yar, da ta biyo ta ranar, ta juya baya ta ce ita ba za ta ƙara kallo ba.

"Murya ta fi hoto sauƙi," in ji Injiniya. "Mijinki bai matse aikinsa ba, ɗanye yake ajiye shi, kuma ɗanyen sauti ko da rami a ciki yana kunnuwa. Na sami wani dogo. Sai dai ki sani, duk inda rabon faifai na biyu yake, abin da ƙaninsa ya zuba ne zai fito. Zan kunna miki yadda ya haɗu."

Ya rufe ƙofar shagon saboda ƙarar titi. Rana tsaka ce, amma da ya sauke labule sai wurin ya yi duhu-duhu, hasken allo kawai. Ya danna.

Abin da ya fito daga lasifikar, Allah kada ya sa ka ji irinsa. Kamar mutum biyu ne suke kokawa a kan baki ɗaya. Wata murya mai kauri ta fara kalma, kafin ta kai ƙarshe a datse ta, wata siririya mai sauri ta faɗo da rabin wata kalmar daban, ita ma a datse, mai kaurin ta dawo. Ba numfashi a tsakani. "…tifa mai lau…" "…ari in gwa…" "…shi, ku zo…" "…kirfon nan ya…" Haka suke ta karɓa-karɓa. 'Yar ta kama hannun uwarta.

Anti Tarho kuwa ta miƙe tsaye ba ta sani ba. Duk sanda mai kaurin nan ta zo, sai ta ji ta har cikin ƙashinta. Hawaye suka ɓalle mata. "Shi ne! Wallahi shi ne! Kin ji Babanki? Wannan, wannan, mai nauyin!" Tana nuna lasifikar da yatsa, tana kuka tana dariya. "Injiniya, don Allah cire min wancan mai muryar sauron, ya bar ni in ji mijina."

Injiniya ya tsayar da sautin. Bai dube ta ba, allon yake kallo. 'Yar ce ta yi magana, a hankali, kamar mai tsoron ta da mai barci. "Mama, mai kaurin ai Baba Auta ne."

"Rufe min baki! Me kika sani? Ko magana ba ki iya ba ya rasu. Ni za a gaya wa murya? Ni?" Ta juya kan Injiniya. "Kai gaya mata."

"Hajiya," ya ce, ya nuna allon da biro, inda sautin ya kwanta layi-layi, kore da ja, kore da ja. "Kore daga faifanki ne, wanda bai taɓa barin gidanki ba. Ja daga wanda kika karɓo. Mai kaurin ja ne."

"To baibai ka haɗa su! Faifan iri ɗaya ne sak, tsufa ya sa ka rikice." Ta faɗi maganganu ranar da ba su dace da ita ba, har da cewa tabaransa na ado ne. Da ta gaji sai Injiniya ya ce, "Bari in cire jan gaba ɗaya, in bar gurbinsa shiru. Ki saurari koren shi kaɗai, in ya so ki yanke hukunci."

Ya kunna. Siririyar muryar ta fito ita kaɗai, 'yar sama-sama, da ɗan hanci a ciki, tana sauri kamar ana jiranta a waje. Rabin kalma, shiru. Rabin kalma, shiru. Ba talla yake yi ba, gwajin makirfo ne, yana ƙorafin wata waya da ke ƙara, yana ƙwanƙwasa abu da yatsa. Anti Tarho ta harɗe hannu a ƙirji tana girgiza kai, ita ba ta san wannan mutumin ba. Sai aka ji ƙarar buɗe ƙofa, rabi. Shiru. Kukan jaririya ya shigo, ya yanke. Sannan muryar wata mace, yarinya ɗanya shakaf, a fusace: "…yin zai huce f…" Shiru. Siririyar muryar ta yi dariya, aka datse dariyar a tsakiya. "…na zuwa, ranki ya da…"

Ta koma kan benci ta zauna. Macen nan ita ce, ba ta buƙatar kore ko ja su gaya mata. Ta ma tuna ranar: shayi ne ta kawo, 'yar a kafaɗa tana fama da ciwon ciki, ita kuma tana jin haushin an bar ta da aiki ita kaɗai. Ta tuna rigar da ke jikinsa. Ta tuna ya juyo a kujera yana dariya. Komai ya dawo mata tar, ban da muryar. Ta kasa kunne iya kasawa, tana jiran wani abu a cikinta ya ce na san ka, ba abin da ya motsa. Baƙin ciki da kunya suka rufe ta, kamar wanda ya gano shekara da shekaru kabarin wani yake ziyarta.

"Iya abin da ke nan ke nan," in ji Injiniya a hankali. "Rabin da aka share ba mai dawo da shi."

'Yar ta durƙusa a gabanta, ido jajir, amma fuskarta da wani haske, don ita yau ta fara jin ubanta, ba ta da wata muryar da za ta ture. "Mama, ashe haka yake magana? Da sauri kamar ni? Shi ne ko? Ki ce min shi ne."

"Ga ni nan a ciki ina yi masa faɗa," in ji Anti Tarho. "Wa zan yi wa faɗan shayi in ba shi ba? Shi ne."

Ta ce a sake kunnawa daga farko. Ta rufe ido, ta dafe benci da hannu biyu, ta ƙudura a ranta sai ta koyi muryar nan ko da za ta ƙare sauran kwananta a kai. Siririyar muryar ta fara, "…ari in gwa…" aka datse. A cikin shirun da ya biyo baya, can cikin kanta, murya mai kauri ta ƙarasa masa kalmar.

"Ƙara sauti," ta ce.

Injiniya ya ƙara.

"Ƙara."

Ya murɗa har ƙarshe, lasifikar tana rawa a kan tebur, 'yar ta toshe kunne ɗaya. Mijinta ya faɗi rabi ya yi shiru, Auta ya ƙarasa. Ya sake faɗin rabi, Auta ya ƙarasa.